Haƙoran Yuguda Mai Basilla

A unguwar Jekadafari, in ka tambayi gidan Malam Yuguda sai a ce maka, "Wane Yugudan? Mai basilla?" Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana ɗinkin buhu a fulotin auduga, filin da ake awo da sayenta, tun ana kawo kaya a kan jakai har jirgin ƙasa ya iso Gombe. Gajere ne kakkaura, mai faɗin kafaɗa, ba ya son zama. Aikinsa shi ne idan an danƙare buhu da auduga, ya zo da basilla da igiyar rama ya ɗinke bakin. Sauran maɗinka da wuƙa suke yanke igiya. Shi kuwa ya ce neman wuƙa ɓata lokaci ne. Sai ya kama igiyar da haƙori, ya ja ta ɗauru tamau, ya gatse ta, ya wuce buhu na gaba. Kafin wani ya gama biyar shi ya gama takwas.

Da haƙoran nan aka san shi. Ranar da aka yi bikin samun mulkin kai, an yanka shanu an raba nama unguwa-unguwa, Yuguda ya zauna a gindin dogonyaro yana fasa ƙashi da turamensa yana zuƙe ɓargo, mutane na dariya. Da aka rasa mabuɗin kwalbar lemo, shi ya riƙa buɗewa da baki. Lokacin yana da shekara hamsin da 'yan kai, ko ciwon haƙori bai taɓa sani ba.

A shekarar da aka fara yaƙin basasa turminsa na hagu ya soma ciwo. Ya cusa kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri, ya yi kwana tara kumatunsa a kumbure, daga baya ya je wurin wanzami aka fizge shi da awartaki. Bayan damina biyu na kusa da shi ya bi. Wasu ba su jira wanzami ba, da kansu suka yi ta girgiɗi har suka fita, ɗaya a cikin rake, ɗaya a cikin gasasshiyar masara. Kafin shekarar da aka daina kashe fam da sule aka koma naira, Yuguda ya ajiye basilla, kuma a bakinsa babu turmi biyu da suke haɗuwa da juna. Na gaba suna nan, shida a sama, huɗu a ƙasa, shi ya sa in ya yi murmushi ba mai gane komai. Shi ma haka yake so.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne lokacin da abin ya zo. Duk tsawon ƙuruciyarsa nama sai ranar kasuwa ko da salla. Yanzu kuwa ƙasa ta yi kuɗi. Ɗansa Bappayo, wanda ya yi makaranta a Bauci ya kama aiki a ma'aikatar ayyuka, an yi musu ƙarin albashi, an ba shi gida a GRA, unguwar manyan ma'aikata, har ya sayi Fijo fara. Bayan kowane kwana biyu sai ya tsaya a kasuwa ya sayi tsoka zalla ya kawo gidan mahaifinsa. Wani lokaci har da kilishi a naɗe cikin takarda.

"Baba, na san ka da kilishi," in ji Bappayo. "Wannan na mai kyau ne, ka ci ka ji."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Yuguda. Ya karɓa da hannu biyu, ya shinshina, yawu ya cika masa baki. Ya ajiye a gefe ya ce sai an jima.

A ƙofar gidansa ake ciyayya bayan sallar magariba. Kowane maigida a fito masa da kwanonsa, a haɗa a kan tabarma a ci tare. Su biyar ne, amma biyu ya fi shaƙuwa da su: Hamman mai kanti, wanda ya je Makka bara ya dawo da haƙorin zinariya yana ta washe baki, da Elias, Batangale ɗan Billiri, wanda ya yi aikin awo a fuloti tare da shi shekara ashirin, yake haya a bayan layinsu. Tuwo bai dami Yuguda ba, ko da can ba a tauna tuwo. Nama ne matsala, ga shi kuma kwanon gidansa ya fi na kowa nama. In an gama tuwo Hamman ya raba naman, Yuguda kuwa a matsayinsa na mai gida sai a tura masa babban yanki.

Da farko ya riƙa gutsura da haƙoran gaba, yana juya naman a baki daga wannan kunci zuwa wancan, dasashi na murza shi ba ya ko motsi. Kowa ya gama ya wanke hannu, shi yana nan da loma guda. Sai ya koma haɗiyewa ɗungurungum. Wannan ya jawo masa kumburin ciki, ya wuni yana gyatsa, wani lokaci kwana uku bai zaga ba. Daga nan ya koyi wata dabara. Zai kai hannu baki kamar ya ci, ya yi ta motsa muƙamuƙi, alhali naman na cikin tafinsa, in ido ya kau ya zura shi aljihu. Da ya shiga gida sai ya jefa wa kyanwa a bayan rumbu. In Hamman ya dube shi da ɗan daɗewa sai ya ji gumi ya tsatso masa a ƙeya.

Ba kunyar giɓi kaɗai ke damunsa ba. Ya ga ƙarshen mahaifinsa a ƙauye. Tsohon makiyayi ne da ake jin tsoron sandarsa, amma da haƙoransa suka zube sai aka daina kiransa wurin cin maza, aka koma dama masa kunu ana ba shi da ludayi a ƙofar ɗaki. Daga ranar aka daina tambayarsa shawara ko a kan sayar da saniya. Bai shekara biyu ba ya rasu, fata da ƙashi. Yuguda ya ɗauka a ransa cewa ranar da aka gane ba ya iya tauna, ranar za a fara yi masa kallon wanda ya gama.

Matarsa Safiyyatu, wadda duk unguwa ke kira Goggo, ita ke masa wanki. Ta daɗe tana ganin maiƙo a aljihun rigunansa. Wata safiya ta tsaya a bakin ɗakinsa da riga a hannu.

"Malam, me kake zubawa a aljihun nan? Na goge da sabulu har hannuna ya yi zafi."

"Ƙosai na sayo jiya, takardar ta yage."

"Har riga uku?"

"To ke me ya dame ki? In wankin ya ishe ki ki ajiye."

Ta juya ta tafi. Shekara arba'in suna tare bai taɓa yi mata magana haka ba, shi ma ya ji babu daɗi, amma ya kasa kiranta.

Bayan wannan ya daina fita ciyayya. Ya ce sanyin yamma na taɓa masa gwiwa. Ana kai kwanon gidansa waje kamar kullum, shi kuma a kawo masa nasa ɗaki. Sai ya ci tuwon ya ture naman gefe. Kwaɗon rama da na zogale, waɗanda da yake cinye kwano guda, ya ce sun daina yi masa daɗi. Gyaɗa ya ce tana sa shi tari. Goro ma ya bari, domin ba zai yarda a gan shi da magogi a aljihu yana goga goro kamar tsofaffin bakin masallaci ba. Abin da ya koma wa shi ne shayi da burodi. A lokacin gidajen burodi sun yawaita a gari, ga madarar gwangwani, ga sukari. Da safe ya tsoma burodi a shayi, da rana haka, da yamma 'yar loma ta tuwo. Cikinsa na cika, amma jikinsa na zubewa.

Cikin wata biyar wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tazugen wandonsa sai ya naɗa sau biyu. Idan ya ɗago daga ruku'u sai ya ga masallaci na juyawa, ya riƙe ginshiƙi har abin ya wuce. Gefen bakinsa ya tsattsage. Ya soma tunanin ko wata cuta ce daban ta shige shi, irin wadda ke cin mutum daga ciki. In ya ji an yi sanarwar rasuwa sai ya tambayi shekarun mamacin, ya kwatanta da nasa.

Goggo Safiyyatu ta shiga damuwa. Da farko ta ɗauka girkinta ne ya canja, ta ƙara daddawa, ta ƙara man shanu. Da bai yi ba ta karɓo rubutu wurin malami. Yuguda ya shanye. Ta kira Bappayo gefe ta gaya masa mahaifinsa ba ya cin abinci. Washegari Bappayo ya zo da cinyar rago guda da kaji biyu.

"Baba, nama za ka riƙa ci, shi zai mai da maka jini. Ko mu je asibiti a duba ka?"

"Lafiyata ƙalau. Zafin bazara ne."

Ya bi cinyar ragon da kallo ana shiga da ita madafa, ya ji kamar ya fashe da kuka.

Ana haka matar Bappayo, Jamilatu, ta haifi ɗa namiji. Ranar suna aka kafa rumfa a gidan GRA, aka jera kujerun ƙarfe, motoci suka cika layi. Da hantsi aka raɗa suna, yaro ya ci sunan kakansa Yuguda. Yuguda ya so ya gudu gida da an shafa fatiha, amma Bappayo ya ce sai an ci abincin rana. Aka zaunar da shi a gaba cikin babbar riga sabuwa, tsakanin Hamman da wani babban jami'i, shugaban Bappayo a wurin aiki. Elias na bayansu.

Aka kawo shinkafa da soyayyen naman rago a manyan farantai. Jami'in, don girmamawa, ya zaɓi yanki mafi girma ya miƙa masa da hannunsa.

"Baba, wannan naka ne. Yau kai ne angon."

Yuguda ya karɓa. Rana tsaka ce, ido ko'ina, rigar kuma sabuwa fara fat, ba halin aljihu. Mutumin bai kau da kai ba, yana murmushi yana jira. Yuguda ya gutsura da haƙoran gaba, naman ya soyu ya yi tauri, ya ƙi rabuwa, sai babban ɓangare ya taho gaba ɗaya. Ya juya shi hagu, ya juya shi dama. Jami'in ya tambaye shi yadda auduga take a zamanin Turawa. Don ya samu bakin amsawa, sai ya runtse ido ya haɗiye.

Naman ya tsaya. Ya yi ƙoƙarin tari, ba iska. Ya buɗe baki, ba murya. Ya miƙe tsaye, kujera ta kife, ya kama wuyansa da hannu biyu. Yana jin Hamman na salati kamar daga nesa, wani na cewa a kawo ruwa, wani na cewa farfaɗiya ce. Rumfar ta soma duhu a idonsa. Elias ne ya ture kujeru ya tanƙwara shi gaba, ya ɗirka masa duka a tsakanin kafaɗu. Sau ɗaya, sau biyu. A na huɗu naman ya faɗo kan tabarma. Yuguda ya zube a gwiwa yana jan numfashi da ƙara, hawaye da yawu na zuba a kan sabuwar riga.

Kowa na kallon yankin naman nan, guda cur, babu alamar haƙori a jikinsa sai a gefe ɗaya.

A ɗakin baƙi aka kwantar da shi. Goggo Safiyyatu ta shigo daga cikin mata mayafinta a hannu. Elias na tsaye bakin ƙofa, Bappayo ya durƙusa gefen gado.

"Yuguda," in ji Elias, "shekara ashirin ina kallonka kana cizon igiya. Buɗe bakin nan su gani."

Yuguda ya juya fuska bango. Can ya juyo ya buɗe. Bappayo ya leƙa, ya ga dasashi fayau hagu da dama, wani wurin ya yi ja ya kumbura.

"Baba, tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Duk naman nan da nake kawowa?"

"Kyanwa ta ci," in ji Goggo Safiyyatu a hankali, da ta tuna maiƙon aljihunsa. Ta zauna a ƙasa. "Malam, ni za ka ɓoye wa? Na yi zaton mutuwa za ka yi ka bar ni ban san me ya ci ka ba. Da ka faɗa, turmi ne babu a gidan ko taɓarya?"

Yuguda ya mai da fuska bango. Abin da ke ransa shi ne gobe duk Jekadafari za ta ji.

Likitan da ya duba shi a asibiti ya ja fatar idonsa ya ce jininsa ya yi ƙasa sosai, amma bai ga wata cuta ba, yunwa ce kawai. Yuguda ya ji kalmar ta soke shi. Yunwa, a gidan da ake rabon nama wa maƙwabta. Aka ba shi maganin ƙarin jini, aka rubuta musu takarda zuwa wurin likitan haƙori a Jos, domin a can ake yin haƙoran roba.

Tafiya uku suka yi a Fijon Bappayo. A ta farko aka cire wasu guntayen saiwoyi da suka ruɓe a cikin dasashi. A ta biyu aka cusa masa wani abu mai kama da kwaɓaɓɓiyar laka a baki don ɗaukar awo. Da abin ya taɓa maƙogwaronsa sai ranar suna ta dawo masa, ya damƙe hannun likitan yana zare ido, sai da aka sake sau uku. A ta uku aka saka masa haƙoran, turame farare a jere, da 'yan ƙugiyoyin waya da ke kama na gaba. Likita ya ce ya fara da abu mai laushi, ya riƙa tauna ta ɓangare biyu lokaci guda, ya cire in zai kwanta.

"In suka zame na haɗiye fa?" in ji Yuguda.

Likita ya yi dariya ya ce sun fi ƙarfin maƙogwaro. Yuguda bai yi dariya ba.

Gaskiya haƙoran ba su zama abin da Bappayo ya yi fata ba. Sati biyun farko sun goge masa dasashi har ya yi gyambo. Magana ta canja masa, in yana karatun salla yana jin su suna ƙwas-ƙwas, hankalinsa ya rabu biyu. Abinci kuma ya ce ɗanɗanonsa ya ragu. Ya gwada tsire sau ɗaya, na ƙasan suka ɗaga, ya tofar da sauri, bai sake ba. A ƙarshe ya mai da su na fita: Juma'a, ɗaurin aure, zuwa GRA. A gida suna cikin wani gwangwanin madara da ruwa, a kan taga.

Abin da ya tashe shi girkin Goggo Safiyyatu ne. Takan dafa nama har ya yi lugub, ta daka shi a turmi ta zuba cikin miya. Ta koma yi masa dambun nama, da fate-faten tsaki da alayyafo yankakke ƙanana, da alale, da ƙwai, da kunun gyaɗa mai kauri. Zogale ta riƙa dakawa da ƙuli. Fura da kindirmo kullum da rana. Matar Elias, Dokas, ta koya mata yadda suke dafa wake da kabewa har su narke. Shayi da burodi aka mai da shi sau ɗaya a rana, shi ma da faɗa. Kafin kaka jirin ya tafi, fuskarsa ta ciko, ko da yake ƙarfin da bai dawo ba.

Fita ciyayya ce ta fi ba shi wuya. Wata biyu yana jin muryoyinsu ta katanga, in an yi dariya sai ya ɗauka da shi ake. Ranar nan bayan magariba Hamman ya yi sallama har tsakar gida, abin da bai saba ba.

"Malam Yuguda, a ƙofar gidanka muke zama, kai kana ciki. Mutane sun fara cewa faɗa muka yi. In ba za ka fito ba mu tashi mu koma wani wuri."

"Ni cin nawa a hankali ne yanzu, Alhaji. Zan tsai da ku."

"Ina za mu? Jirgi za mu hau?"

Ya fito da ƙaramin kwanonsa a rufe, ya zauna a gefen tabarma yana jiran wanda zai fara tsokana. Ba wanda ya tsokane shi. Elias ya buɗe kwanon ya ɗebi dambun naman ya ɗanɗana, ya ce wannan ai zalunci ne a ce mutum ɗaya ke ci. Daga ranar Goggo ta riƙa yin mai yawa. Duk da haka Yuguda bai sake sakin jiki da abinci a gaban mutane ba. Kowace loma sai ya murza ta da yatsu ya tabbatar babu ƙashi ko jijiya, kofin ruwa kuma na kusa da gwiwarsa. In aka gayyace shi walima sai ya ci a gida kafin ya tafi, a can ya ce yana azumi ko ya riƙe lemo kawai.

Shekara shida ya ƙara a duniya. Biyu daga haƙoran ƙasa suka fita, ƙugiyar ta rasa abin kamawa, Bappayo ya yi ta roƙo su koma Jos a sake wasu, ya ce tafiyar ta ishe shi. Ya kai takwaransa makarantar allo da hannunsa, ya ga auren jikokinsa mata biyu. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a tsakiyar damina, kwana takwas, ya rasu ranar Talata da hantsi.

Bayan an yi sadakar bakwai Goggo Safiyyatu na gyara ɗakin ta ga gwangwanin a kan taga, ruwan ya kusa ƙafewa. Ta rasa yadda za ta yi da haƙoran da ke ciki. Ba na jikinsa ba ne balle a ce an manta ba a binne shi da su ba, ba kuma abin da za a ba wani ba ne, zubarwa a juji kuwa ta kasa. Ta wanke su ta naɗe a farin ƙyalle ta ba Bappayo. Ya ari fartanya wurin Elias, ya haƙa rami a kusurwar tsakar gida inda ba a takawa, ya saka su ya mai da ƙasa.